Gwajin Y-DNA na FamilyTreeDNA: Abin da Zai Yi wa Mai Neman Salsala

Kamfanin FamilyTreeDNA da ke birnin Houston a Amurka yana sayar da gwajin asali tun shekarar 2000, kuma ya fi ƙwarewa a gwajin da ke bin tsatson uba zalla. Ɗa namiji yana gādon ƙwayar halittar Y daga mahaifinsa, shi ma daga nasa mahaifin, kusan ba canji. Mace ba ta da ita, don haka idan ita ke nema sai ta sa a gwada mahaifinta, ko ɗan'uwanta na uba ɗaya, ko baffanta. Kawu ba ya cikin lissafi, tsatsonsa daban ne.

Matakai uku ake sayarwa: Y-37, Y-111 da Big Y-700 (lambar na nuna yawan alamomin da ake dubawa a ƙwayar Y). Na farko ya ɗan haura dala 100, na ƙarshe ya haura 400, ban da kuɗin aike. Shawararmu a fara da Y-37, tunda kamfanin yana adana samfurin, daga baya a ƙara kuɗi a ɗaga mataki ba tare da sabon aike ba.

Kunshin ya ƙunshi tsinke biyu masu soso a kai, ƙananan kwalabe biyu masu ruwan magani, da takardar amincewa. A goga cikin kumatu da ƙarfi kamar daƙiƙa 45, tsinke ɗaya a kowane ɓangare, a jefa kan cikin kwalba a rufe gam. Wannan ya fi tofa yawu sauƙi ga dattawa, su kuwa ya kamata a fara gwadawa. A bar awa ɗaya ba ci ba sha. Tsohon da ya gama taunar goro, za ka ga soson ya fito ja, ɓarɓashi ya maye gurbin fatar kumatun da ake nema, samfurin na iya faɗuwa. Gara a ɗauka da asuba. Kada a manta da sa hannu a takardar, kuma a aika ta kamfanin da ke ba da lambar bin saƙo.

An tsara hidimar ne da Turawa a zuciya, inda sunan gida ɗaya yake bin zuri'a ƙarni bayan ƙarni. Mu kuwa sunanmu na biyu yakan canza daga uba zuwa ɗa: Musa Garba ya haifi Sani Musa. Wasu sunan gari suka ɗauka a makaranta, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, wasu sarauta, irin su Galadima ko Ciroma. Mutum biyu masu amsa Funtua ba lallai su haɗa jini ba. Saboda haka rukunan sunayen gida da kamfanin ke alfahari da su ba su da amfani sosai ga Bahaushe. Ga kuma ƙarancin mutanenmu a rumbunsa: mai yiwuwa ne ƙwarai a buɗe sakamako a tarar ba wanda ya dace da kai.

Inda gwajin ya biya kuɗinsa shi ne idan akwai tambaya takamaimai. Gida a zangon Kumasi suna cewa kakansu bafataken goro ne daga wani gida a Kano, ko dangi a Sudan da kakansu ya yada zango a hanyar Makka. A gwada namiji ɗaya daga kowane gida. A Y-37 kamfanin yana haɗa mutum biyu idan bambancinsu bai wuce alama 4 ba. Sifili ko ɗaya yana ƙarfafa labarin baka, sai a ɗaga zuwa Y-111 don a rage shakka. Sunan kakan dai ba zai fito daga kwalba ba, wannan aikin tsofaffin gida ne da maroƙa da takardun gado.

Sakamakon yana nuna babban reshen da mutum ya fito. E-M2 ya yawaita a Yammacin Afirka, R-V88 kuma ana samunsa sosai a kewayen Tafkin Chadi har cikin Hausawa. Rassan nan sun girmi dubban shekaru, sun girmi ƙabilun kansu, don haka ba sa raba Basulluɓe da Bagobiri, ba sa tabbatar da sharifta, ba sa ƙaryata ta.

Abu biyu a sani kafin a biya. A 2019 ya bayyana cewa kamfanin ya bai wa hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, damar neman dangin masu laifi a rumbunsa, sai dai akwai wurin kashe wannan a shafinka. Na biyun ya fi nauyi: 'yan baffanni biyu na iya fitowa ba su dace ba. Kuskuren samfur na jawo haka, riƙon ɗa ko agolanci da aka manta ma haka, kuma a shari'a ba a rushe tabbatacciyar nasaba da gwajin kamfani. A tattauna wannan da manyan gida tun kafin a buɗe kunshin.