Kalandar wayata ta yi shiru ranar asibitin Inna

Shekara uku ke nan ina amfani da wata manhajar kalanda a wayata, kuma abokan cinikina a kasuwar Argungu sun san na daina rubuta alƙawari a takarda. Ranar da motar shinkafa za ta yi lodi, ranar zubin adashi, ranar biyan kuɗin makarantar yara, duk suna ciki. Wanda ya fi min nauyi a zuciya shi ne maganin hawan jinin Inna, ƙarfe bakwai na safe kullum, da ranar da likita ya ce mu koma Birnin Kebbi. Duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa saɓa min ba.

Matsalar ta faro ne daga sabunta waya. Ta nemi a ɗaga ta zuwa Android 14, wato sabon zubi na tsarin da ke tafiyar da wayar, na bar ta a caji da dare ta yi abinta. Washegari ta koma nauyi, tana ɗaukar zafi, sai na kai wa wani yaro mai gyara a bakin kasuwa. Ya ce a goge ta gaba ɗaya a dawo da komai daga ajiyar intanet. Aka yi. Lambobi suka dawo, hotuna suka dawo, na buɗe kalanda na ga kowace rana tana mazauninta, hankalina ya kwanta.

Daga nan tunatarwar ƙarfe bakwai ta fara makara. Wata rana bakwai da kwata, wata rana sai na ɗauki wayar daga kan tabarma na kunna fuskarta sannan ta yi ƙara. Na ɗora laifin a kan sabis, don a unguwarmu yakan ɗauke. Ranar Alhamis ɗin asibiti kuwa ko tari ba ta yi ba. Ina rumfa ana auna buhuna wajen ƙarfe goma matata ta kira, ta miƙa wa Inna wayar. "Ɗan nan, yau ba ranar likita ba ce? Tun da hantsi na ɗaura zane ina jiranka." Jikina ya yi sanyi. Kafin mu samu mota mu isa Birnin Kebbi an rufe karɓar kati, sai da muka sake jiran wani makon, ga maganinta saura ƙwaya huɗu a leda.

Na koma wurin yaron raina a ɓace. Ya karɓi wayar bai yi musu ba, ya ce, "Baba, zauna mu duba tare." Abin da muka gano shi ya sa nake wannan rubutu.

Ashe goge wayar da aka yi ya sa tsarin ya ɗauki manhajar a matsayin sabuwar shigowa. A Android 14, yawancin sababbin manhajoji ba a ba su izinin buga ƙararrawa a daidai minti kai tsaye, sai mai waya ya shiga ya buɗe da hannunsa. Makunnin yana cikin saiti, ɓangaren manhajoji, ƙarƙashin izini na musamman, a layin ƙararrawa da tunatarwa. Nawa a kashe yake. Idan babu wannan izini, wayar ce ke zaɓar lokacin da za ta saki tunatarwar. Kuma tun Android 6 na shekarar 2015 akwai wani barci da waya ke shiga don tattalin batir idan an ajiye ta ba motsi, fuska a kashe, ba a caji. A cikin barcin nan takan jinkirta ayyukan manhajoji. Shi ya sa sai na taɓa ta take farkawa.

Na biyu, izinin sanarwa. Tun daga Android 13 dole sabuwar manhaja ta tambaya kafin ta turo saƙo saman fuska. Na amince da wannan, amma sautin tunatarwar ranaku ya koma shiru, muka mayar masa da ƙara. Na uku, manhajar tsimin batir da ta zo da wayar ta jefa kalandar cikin waɗanda ake kashewa a bayan fage. Muka cire ta, muka ba ta damar tashi da kanta.

Tattalin batir ba abin ƙi ba ne a garin da wuta ke kwana biyu ba ta zo ba. Ƙorafina yana kan masu manhajar. Ta san ba ta da izinin, amma ta ci gaba da karɓar tunatarwa tana nuna min alamar ƙararrawa kamar lafiya lau. Layi ɗaya ja a saman shafi, mai cewa ƙararrawarka ba za ta buga a kan lokaci ba, da ya isa. Na tura musu saƙo sau biyu, amsar da ta dawo ita ce in goge manhajar in sake sakawa, abin da shi ne ya jawo matsalar tun farko.

Ban rabu da ita ba, don wajen maimaita tunatarwa da raba kalanda da matata ban samu kamarta ba. Amma gwajin minti biyar waya a hannu ba ya nuna komai. Saka tunatarwa ta asuba, cire wayar daga caji, ajiye ta ta kwana ba ka taɓa ba. Na yi haka dare uku a jere kafin na yarda. Maganin Inna kuma yanzu na ƙara shi a agogon ƙararrawar wayar, wanda bai taɓa makara ba ko a kwanakin nan, ranar asibiti ta gaba kuma matata ta rubuta ta da alli a bayan ƙofar ɗakin Inna.