Irin waken SAMPEA 20-T da na shuka a bayan gida

Jama'a bari in ba ku labarin irin waken nan, don tun daminar bara nake son yin maganarsa. Ni dai ɗan fili ne da ni a bayan gida nan Rigasa, kunya shida ce kacal, shekara biyu ina shuka waken da nake awo a kasuwa amma tsutsa ba ta barina, fure ya fito gwanin sha'awa sai ka ga yana zubewa, ɗan kwanson da ya tsira ka ɓare ka tarar ta riga ka ciki.

Wani maƙwabcina ne ya ce in nemi SAMPEA 20-T, na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru Zariya da aka fitar a 2019, an yi shi ne musamman saboda tsutsar Maruca mai cin fure da kwanso. Eh na GMO ne, wato irin da masana kimiyya suka sauya wa ƙwayoyin halitta, na san wasu ba sa so, ni na sani kuma na saya da hankalina. Na shuka farkon Agusta, wajen kwana 70 da ɗoriya kwanso ya fara bushewa, wallahi ranar da na fara tsinka sai da na kira maman yara ta zo ta gani da idonta. Abin da ya fi min daɗi feshi biyu kawai na yi, don gidan da yara ke wasa ga kaji ga madafa kusa, yawan feshin nan yana tayar min da hankali sosai.

Inda raina ya ɓaci shi ne mai shagon da na saya ya ce min wai ba ya buƙatar feshi kwata-kwata, ba gaskiya ba ne, ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu manne wa ganye sun zo min a sati na huɗu, saura kaɗan su gama da kunya ɗaya. Haba malam, ka gaya wa mutum gaskiya mana ai zai saya dai.

Wajen girki kuma fari ne, sabon wake ba ya cin gawayi, ko kanwa ba mu sa ba ya nuna luguf a wake da shinkafa. Ƙosai ya tashi, alala ma haka. Harawarsa ce dai ba yawa tunda ba mai yaɗo ba ne, akuyarmu kwana kaɗan ta cinye. Bana kunya goma zan yi in Allah ya yarda.