Gargaɗi: mai hayar gurbin jirgin ruwa na bogi ya cinye mana Yuro 6,150

Duk mai neman gurbin da zai ɗaure jirgin ruwa mai filafilai a gaɓar Sifaniya, tsakanin Balensiya da Alikante, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane, don yanzu ban yarda shi kaɗai ba ne, da ke tallar gurbin haya na shekara a wata tashar jiragen shaƙatawa. Yana da hotuna, yana da lambar gurbi, yana da takardar yarjejeniya mai tambarin tashar. Gurbin kuwa yana nan, ba ƙirƙirarsa ya yi ba. Sai dai ba nasa ba ne, bai taɓa zama nasa ba, ofishin tashar ma ba su taɓa jin sunansa ba. Yuro 6,150 ya karɓa. Yuro 4,800 kafin alƙalami, sai Yuro 1,350 daga baya. Kuma ba kuɗina ba ne, na mai jirgin da aka damƙa mini kulawarsa ne, da bakina na ce masa ya biya. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci.

Ba zan faɗi sunan tashar ba, domin ba su da laifi, su ma an yi amfani da sunansu ne. Hotunan hirarmu, da takardar, da lambobin asusun banki biyu da aka tura kuɗin ciki, duk suna hannuna, zan fitar da su da zarar an ce mini yin haka ba zai ɓata bincike ba.

Masu cewa araha ce ta ruɗe mu, ku saurara. Yuro 9,600 ya nema a shekara, gurbi mai tsawon mita 14, faɗi mita 4.5. Ya yi ƙasa da farashin ofis, amma ba irin ƙasan da zai sa mutum ya ja da baya ba. Irin ragin da mai gurbi ke yi ne idan zai yi doguwar tafiya ba ya son wurin ya zauna haka nan yana biyan kuɗin kula. Labarin da ya bayar ke nan: wai jirginsa zai gangara tsibiran Kanari, daga Las Palmas ya tsallaka Atlantika a watan Nuwamba, ba zai dawo ba sai bayan shekara. Duk wanda ke wannan harka ya san a Nuwamba ake wannan tsallakawar, kuma ya san ana samun gurabe ta wannan hanya. Ina abin zargi a nan?

Ga inda ya kama ni, kuma wallahi kullum sai na sake juya shi a raina. Gurbi biyu ya tallata, ɗaya mita 12 da faɗi 4, ɗaya wannan mai mita 14. Ƙaramin na nema, don ya fi sauƙin kuɗi. Bai ce in turo kuɗi ba. Cewa ya yi in turo ma'aunin jirgi. Na ce tsawo mita 12.3 a takarda, faɗi 3.99, zurfin da yake ci a ruwa mita 2.1. Sai ya tambaya ko akwai ƙarafan rataye ƙaramin kwale-kwale a baya, da nawa ƙarfen anga ya fito a goshi. Na ce da su duka zai kai 13.1. Ya ce, "To ba zan ba ka ƙaramin ba. Tashar nan da tef suke aunawa daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ba ruwansu da abin da ke takarda. Kuma jirgi mai faɗin 3.99 a gurbin mita 4, ina za ka sa robobin kariya da ake ratayawa a gefen jirgi? Za ka goge jikin maƙwabci, a kore ka cikin mako guda."

Gaskiya ya faɗa, tsantsarta. Robar kariya ta jirgi irin wannan kaurinta ya kai santimita 25, ana buƙatarta dama da hagu, wato rabin mita ke nan a kan faɗin jirgin. Mutumin da ya ƙi karɓar kuɗinka saboda wurin ba zai ishe ka ba, ta yaya za ka ɗauke shi ɓarawo? Ya ƙi fa. Ya ce ba zai ba ni ba. Na sha ganin masu gurbi na gaskiya da ba su damu su tambayi faɗin jirgi ba, in dai za ka biya. Wannan ya tambaya, ya ƙi, sannan ya ce in na ga babban ya yi mini tsada in nema a wani wuri, ba komai. A nan zuciyata ta kwanta. Daga nan ne Yuro 4,800 ta fita.

Kada wani ya ce ban yi tambaya ba. Na tambayi zurfin gurbin, ya ce mita 3, ƙasan laka ce, ya ƙara da cewa a Bahar Rum ruwa ba ya hawa da sauka sosai, amma idan iska ta daɗe tana kaɗawa ko awon nauyin iska ya hau, yakan ja baya kaɗan, don haka in bar rarar rabin mita a ƙarƙashin jirgi. Haka ne. Na tambayi yadda ake ɗaurewa, ya ce da baya ake shiga kamar yadda aka saba a can, igiya biyu daga bayan jirgi zuwa gadar da jirage ke jeruwa a jikinta, sai igiyoyin ƙasa biyu da ake jawowa a ɗaure a goshi, waɗanda ke haɗe da sarƙar da ke kwance a kan tubalan siminti, abin da suke kira muerto. Na tambayi yaushe masu nutso suka duba sarƙar, don igiyar ƙasa da ta ruɓe ita ke sa jirgi ya koma da baya ya daki gada cikin dare. Ya ba ni wata da shekara. Wuta fa? Ya ce amfiya 32 ce a sandar wutar da ke kan gadar, in jirgin na 16 ne in zo da mahaɗi, kuma akwai mitar wuta, ana biyan abin da aka sha. Faɗin hanyar da ke tsakanin layuka? Ya ce ta haura tsawon jirgin sau ɗaya da rabi, za a iya juyawa ko da iska a gefe. Har maganar iskar gabas, Levante, shi ya fara kawo ta: ya ce gurbin yana can ciki bayan katanga, ba kusa da bakin shiga ba inda raƙuman ruwa ke shigowa su yi ta fizgar igiya, ya ce lokacin guguwar Gloria a Janairun 2020 layin bai ji komai ba. Wanda ya ga ɓarnar da Gloria ta yi a wannan gaɓar ya san dalilin da wannan magana za ta shiga kunne.

Duk amsoshin nan, da na je daga baya na auna, kusan daidai suke. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ko ya taɓa aiki a gadar, ko ya taɓa ajiye jirgi a wurin. Tambayar ruwa da igiya da wuta ba za ta taɓa tona asirinsa ba.

Na manta ban faɗi bidiyon ba, kuma shi ya zo kafin kuɗin farko, ba bayansa ba. Na ce ina son ganin gurbin a ranar, ba tsohon hoto ba. Ya turo bidiyo yana tafiya a kan gadar, ya nuna lambar da ke rubuce, ya nuna ruwan babu jirgi, ya sunkuya ya ɗago igiyar ƙasa duk gansakuka da ƙananan kifin ɓawo a jikinta. Ƙofar gadar da kati ake buɗe ta, sai na ɗauka mai kati ne. Ashe bin bayan wani kawai ake yi a shige, kowa ya san haka, mutum ya riƙo jakar kayan aiki babu mai ce masa ina za ka. Gurbin kuma babu kowa ne saboda an ɗaga jirgin mai shi tudu ana kankare ƙasansa ana shafa fenti. Wato ya san ranar da za a ɗaga jirgin. Shi ya sa na ce ba shi kaɗai ba ne.

Yanzu ga abin da ya kamata kowa ya riƙe, don a nan damfarar take zaune. A Sifaniya ba a mallakar ruwan tasha. Na hukuma ne. Kamfani ko ƙungiyar masu jirage ke karɓar izinin gudanar da tashar na wasu shekaru, su kuma su sayar wa mutane haƙƙin amfani da gurbi har zuwa ƙarshen wannan izinin. Wanda ya ce maka ya "sayi" gurbi, haƙƙin amfani ya saya, kuma sunansa yana cikin rajistar ofis. A yawancin tashoshi ba shi da ikon sa wani jirgi a wurin sai ofis ya sani ya amince, wasu ma su ke bayar da hayar da kansu su ba shi kasonsa. Kuma ofis ba ya barin jirgi ya kwana sai ya ga takardar rajistar jirgin, da inshorar ɓarnar da za ka iya yi wa wani, da fasfo. Takardar da ba ta bi ta teburin ofis ba, ko da mai gurbin na gaskiya ne ya sa hannu, ba lallai ta shigar da kai ba. Balle ta bogi.

Shi ma ya san haka, shi ya sa ya riga ni. Ya ce ofis ba ya magana da kowa a kan gurbi sai mai shi, in bari ya shigar da takardun jirgin da kansa, in na kira kafin nan zan rikita lamarin su ɗora kuɗin dillanci. Ya karɓi hoton rajista da na inshora kamar yadda ofis zai karɓa. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, ofisoshi da dama ba sa faɗa wa baƙo sunan mai gurbi. Amma za su iya ce maka e ko a'a idan ka kawo sunan da kanka. Wannan tazarar ce ya ɓuya a ciki.

Sai Yuro 1,350. Wai kuɗin shigar da sunan jirgi a ofis, da ajiyar katunan ƙofa biyu, da ajiyar mitar wuta. Ya turo rasit mai tambari, har da harajin IVA, wato VAT na can, kashi 21 an lissafa daidai. Asusun ba irin na farko ba ne, lambar ba ta fara da ES ba kamar asusun Sifaniya, ta wata ƙasa ce. Na tambaya. Ya ce na matarsa ne, shi ya riga ya biya ofis daga aljihunsa, mayar masa za a yi. Ya roƙi a yi turawar nan take don zai tashi da asuba. Irin wannan turawa cikin daƙiƙa goma take isa, kuma in ta isa, banki sai dai ya roƙa a dawo da ita, ba ya iya ƙwatowa. Mai jirgin ya kira ni ya ce, "Ka dai ga takardun da idonka?" Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe, a tura." Yuro 4,800 da Yuro 1,350. Kalmar "a tura" daga bakina ta fito, sau biyu.

Ranar da aka kawo jirgin, a bakin tashar aka kira ofis ta rediyo a layi na 9, aka faɗi sunan jirgi da lambar gurbi. Suka ce a maimaita. Aka maimaita. Suka ce a tsaya a gadar baƙi. Jirgin mai gurbin yana ɗaure a wurinsa, ƙasansa da sabon fenti. Matar da ke ofis ta duba takardar ta ce tambarin tsoho ne, sun daina amfani da shi, kuma lambar wayar da ke ƙasa ba tasu ba ce. Ta ce ba mu ne na farko da muka zo da irin wannan takarda ba. Lambar mutumin kuwa tun daren da ya gabaci ranar a kashe, tallar an goge, ya yi layar zana. Ga tsakiyar bazara, lokacin da gurbin baƙi ake biya kwana-kwana a farashi mafi tsada na shekara, in ma an samu. Wannan asarar daban ce, ban ma sa ta cikin 6,150 ɗin ba.

An kai ƙara wurin Guardia Civil, ɗaya daga rundunonin 'yan sandan Sifaniya, an ba banki lambar ƙarar, sun ce za su nemi a dawo da kuɗin. Ba a ce komai ba har yanzu. Kuma hoton rajistar jirgin da na inshora suna hannunsa, Allah kaɗai ya san wa zai nuna wa su gobe ya ce shi ne mai jirgi. Allah ya isa. Ban yafe ba.

Har yanzu ina cewa duk wanda ya san jirgi, aka ce masa "ba zan ba ka ƙaramin ba, ba zai ɗauke ka ba", zai yarda. Wanda bai san komai ba ma ya fi tsira, don shi ofis zai nufa kai tsaye. Da masu sani yake farauta.

Ku kira ofishin tashar da lambar da kuka samo da kanku, ba wadda ke jikin takardarsa ba. Ku faɗi lambar gurbi da sunan mutumin, ku ce su tabbatar a rubuce cewa shi ne mai haƙƙin, an yarda ya bayar da haya, babu bashin kuɗin kula a kansa, da shekarar da izinin tashar zai ƙare. Wanda ya ce kada ku kira ofis, ku kashe wayar. Kuɗi kuma a ofis, ko asusun da ofis ya ba ku. Wanda ya ga tallar gurbi biyu, mai mita 12 da mai mita 14, da labarin tafiya Kanari, ya ɗauki hotonta kafin a goge ya kai wa 'yan sanda.