Tsohon hoton yaƙi ko jirgin da aka sabunta: wanne za a bi wajen fentin Spitfire?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hoton baƙi da fari na 1940 za ka bi wajen fentin ƙaramin samfurinka na Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, ko kuwa hotuna masu launi na jiragen da aka sabunta suke tashi har yau. Kowanne da amfaninsa, amma ba darajarsu ɗaya ba.

Jirgin da aka sabunta yana nuna yadda kore mai duhu da ruwan ƙasa suke zama a kan ƙarfe cikin hasken rana. Matsalarsa ita ce rigar aro yakan sanya. Spitfire mai lamba P7350 da ke sansanin sojan sama na Coningsby a Ingila ya yi Yaƙin Birtaniya, wato yaƙin sama da Jamus na 1940, da gaske, duk da haka an sha sauya masa haruffan runduna da ke jikinsa don tunawa da wasu jiragen, kuma irin waɗannan jirage sukan fi na fagen daga sheƙi da tsabta.

Tsohon hoto shi ne shaidar gani da ido, domin yana nuna inda iyakar launuka ta bi, da girman haruffan runduna, da baƙin hayaƙi a bayan bututun inji, da inda takalman makanikai suka goge fenti a gindin fiffike. Sai dai yana da tarko. Fim ɗin otokromatik da wasu masu ɗaukar hoto suka yi amfani da shi yana mai da rawaya duhu, shuɗi kuma ya yi haske, har mutum ya ɗauka zoben wajen tambarin da ke jikin jirgin baƙi ne, alhali rawaya ne.

Ni dai hoto nake fifitawa, muddin an san ranar ɗaukarsa, saboda ƙa'idar fenti ta yi ta sauyawa. Kafin Yunin 1940 rabin ƙasan jirgin baƙi ne, rabi fari, sannan aka koma launin kore-kore mai haske da ake kira Sky. A ƙarshen Nuwamba aka ƙara ɗamara mai wannan launi kusa da wutsiya, a Agustan 1941 kuma ruwan toka ya maye gurbin ruwan ƙasa.

Ka fara da ƙaramar baƙar lambar da ke gaban wutsiya, domin manyan haruffa sukan koma kan wani jirgin idan na farko ya faɗi. Da lambar za ka gano rundunarsa da watannin da ya yi a cikinta.