RNAfold: shafin da ke nuna inda zaren RNA yake ƙullewa kafin a fara haɗa furotin

A ƙwayar halittar ɗan Adam, ƙaramin sashen ribosom (injin da ke haɗa furotin), wato 40S, yana hawa kan saƙon RNA, zaren da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, daga bakinsa na farko, ya bi shi harafi bayan harafi har ya tarar da haruffan AUG, inda ake fara haɗa furotin. Idan zaren ya naɗe ya yi ƙulli mai tauri a hanya, tafiyar takan yi sanyi ko ta tsaya. Marilyn Kozak ta nuna a shekarar 1986 cewa ƙulli mai ƙarfin -50 kcal/mol (ma'aunin taurin ƙulli, inda -50 ya fi -30 tauri) yana rage aikin matuƙa, alhali ana iya kwance na -30; a 1989 kuma ta nuna cewa na -30 ma yana tare hanya in yana dab da bakin zaren.

Don ganin irin waɗannan ƙulle-ƙulle nake amfani da RNAfold, shafin intanet na kyauta daga manhajar ViennaRNA ta Jami'ar Biyana a Ostiriya. Ba a neman rajista. Mutum zai liƙa jerin haruffan zaren RNA, wato A, U, G da C, ya danna, sakamako ya fito. Na gwada shi da ɗan guntun farkon saƙon feritin, furotin mai ajiye sinadarin ƙarfe a jiki, sai ga kara mai zobe a kai, harafin C guda ya turo gefe, kuma haruffan CAGUG suna zaune cikin zoben. Wannan ne wurin da furotin IRP yake kamawa idan ƙarfe ya yi ƙaranci, ya tare wa ribosom hanya. Abin da ya fi burge ni shi ne launukan da ke bayyana sashen da lissafin ya tabbatar da kuma wanda yake shakka a kansa, domin suna hana ɗalibi ɗaukar zane a matsayin hujja.

Sai dai shafin yana lissafi ne kamar zaren yana shi kaɗai a zafin digiri 37 na Celsius, in ba a canza ma'aunin zafin ba. Bai san da furotin eIF4A mai warware ƙulli ba, bai san da furotin da ke manne wa RNA ba, kuma ba ya hasashen ƙullin da ya sarƙe cikin wani. Gwargwadon tsawon zare, gwargwadon raguwar amincin zanen, shi ya sa nake ba da shawarar a riƙa saka gajerun sassa, sannan a gwada abin da ya fito da sakamakon ɗakin gwaji kafin a kafa magana a kansa.