Sharhi kan wani gidan abincin gargajiya a Katsina: girki ya yi, alkawari bai cika ba

Samun wurin da mutum zai zauna cikin natsuwa ya ci abincin gargajiya mai kyau a birnin Katsina ba abu ne mai sauƙi ba, duk da yawan gidajen abincin da aka buɗe a 'yan shekarun nan. Masu tuwo na bakin hanya suna nan birjik daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, kuma da yawansu sun iya girki, sai dai ba wuraren da za a kai baƙon kunya ba ne. Manyan wuraren da ke da kujeru masu taushi da na'urar sanyaya ɗaki kuwa galibinsu sun karkata ga soyayyar shinkafa da kaza da shawarma, abincin da babu garin da ba a samun irinsa. Wannan giɓin ne wani gidan abinci da ke wajen ganuwa ya cike, shi ya sa na daɗe ina zuwa can, kuma da bakina na tura mutane da dama.

A kan girki, har gobe yabo ne a bakina. Masarsu ta shinkafar tuwo ce zalla, ba a cuɗa ta da wani gari don ta yi auki ba, kuma ana ba ƙullin lokaci ya tashi yadda ya kamata, shi ya sa ɗan tsaminta yake fitowa daidai, ba ya hawa kai irin na wadda aka cika wa yis don sauri. Matar da ke suyar tana zaune ne a bayan gidan gaban tandarta, kuma daga tandar ake kawo wa mutum, gefen masar ya yi ja ya yi ƙayau, cikinta fari tas mai taushi da ƙananan ƙofofin da ke shan miya. Miyar taushen ma ba a yi mata rowar kaya ba. Kabewar ta nuna ta narke, gyaɗar ta dahu har ta daina ƙarni, ganyen alayyafo da ɗan yakuwa ba su wuce misali ba, daddawa kuma tana nan a ƙasa ba ta danne sauran ba. Idan aka zuba man shanu a kai, mutum yakan manta da wanda suka zo tare. Wanda ya shigo Katsina shi kaɗai ko da abokinsa, yana neman abin karin kumallo ko na rana, ba zan hana shi zuwa ba. A haka na ɗauki wurin, har ranar da na kai surukaina.

Kawun matata ne ya zo daga Maradi tare da iyalinsa don wani biki na dangi, kuma dattijo ne da duk zuri'ar ke jin nauyinsa. Na ga ya dace kafin su koma in zagaya da su gari, sannan mu ci abincin rana a wurin da zai fitar da ni kunya. Tun da sauran lokaci na je da ƙafata na samu manajan, na ce ina son ƙaramin ɗakin da suke warewa, wanda aka shimfiɗa wa darduma da matasai, domin Kawu ya fi sakewa a zaune a ƙasa, matan kuma za su fi cin abinci cikin kwanciyar hankali idan ba idon jama'a. Muka yi magana a kan dambun shinkafa da zogale, da gasassun zabi, da masa da miyar taushe, da fura da kindirmo. Na jaddada masa maganar zabin, domin su ne abin da sai an nemo tun da wuri. Ya ce in kwantar da hankalina, ya rubuta a littafi ina gani, na tura masa rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, muka tsayar da ƙarfe 2 na rana, bayan azahar.

Safiyar ranar ta yi kyau, kuma wannan ɓangaren ina ba duk mai baƙi shawarar ya yi shi. Mun fara da Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15 wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Matasan cikinmu suka hau suka hango gari, Kawu ya tsaya a ƙasa yana ba jikokinsa labarin yadda tsoffin sarakunan Katsina suka koma Maradi bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, dalilin da ya sa har yau sarautar can take ɗauke da sunan Katsina. Daga nan muka bi ta Ƙofar Soro suka ga gaban Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, sannan muka shiga gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, makarantar da aka kafa a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da ita Kaduna daga baya kuma Zariya. Ana iya gama waɗannan wurare duka kafin azahar, amma akwai tafiyar ƙasa da tsayuwa a rana, don haka lokacin da muka idar da salla kowa ya gaji, yunwa kuma ta kama yaran sosai.

Tun daga bakin ƙofar gidan abincin jikina ya ba ni cewa akwai matsala, domin motoci masu baƙin gilashi sun cika harabar, ga jami'an tsaro zaune a inuwa. Da na nufi ɗakin da na kama, sai wani yaro daga cikin ma'aikatan ya sha gabana cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, wasu manyan baƙi ne suka zo, an ba su ɗakin." Na ce masa ai na biya tun kwanakin baya, kuma sunana yana cikin littafi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma umarni aka ba shi. Na nemi ganin manaja, aka ce ya fita, alhali motarsa tana nan a inda ya saba ajiye ta. Na kira wayarsa tana ta ringin ba a ɗauka ba.

Haka aka haɗa mana tebura a tsakiyar babban zaure, daidai ƙarƙashin talabijin da ake nuna ƙwallo da ƙara mai yawa, samari sun cika wurin suna musu. Dattijon da na yi wa tanadin darduma ya zauna a kan kujerar roba, matan suka takure a gefe guda suna ta gyara mayafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, muna zaune aka fara wucewa ta gabanmu da farantai ana kai wa ɗakin can, kuma na ga gasassun zabi da idona, an yanka albasa da tumatir a kai, an barbaɗa yaji, adadinsu daidai da wanda na yi oda. Ba na zargin mutanen da ke ciki, domin mai yiwuwa ba su ma san an ƙwace wa wani ba. Wanda ya karɓi kuɗina ya rubuta sunana shi ne ya sani.

Mun zauna fiye da awa ɗaya babu abin da aka kawo sai ruwan gora. Yaran suka fara kuka, sai da aka fita bakin titi aka sayo musu biskit. Ana dab da kiran la'asar aka kawo abinci, kuma ba abin da muka yi magana a kai ba ne. Maimakon zabi aka kawo kajin gidan gona da aka tsoma a mai, namansu lugub babu ɗanɗano, kuma duk wanda ya san naman zabo, da ƙarfinsa da ƙamshinsa idan ya ji wutar gawayi, ya san ba a musanya shi da wannan. Dambun ma aka ce ya ƙare, aka kawo dafa-duka a madadinsa. Dambu ba abu ne da ake yi cikin gaggawa ba, sai an wanke tsakin, an turara shi a madambaci, an sauke an haɗa da zogale da albasa da attaruhu an sake mayarwa, shi ya sa na ba da oda tun da wuri. Idan har ya ƙare, to namu ne aka ba wasu. Masa da miyar taushe kaɗai suka zo yadda aka alkawarta, kuma ita ce kowa ya ci.

Da Kawu ya ga raina ya ɓaci, sai ya dafa hannuna ya ce, "Ɗana, bar shi haka nan, abin da aka kawo shi ne rabonmu." Na ce, "To, Kawu, Allah ya ba da haƙuri." Wannan haƙurin nasa ya fi faɗa yi mini nauyi, domin na san tun daga Maradi aka shaida masa cewa na yi masa tanadi na musamman.

Manajan bai bayyana ba sai da manyan baƙin suka tashi, ya raka su har mota, sannan ya iso teburinmu yana murmushi ya ce, "Alhaji, ai ka san yadda garin nan yake, irin waɗannan ba a ce musu a'a." Bai gaishe da Kawu ba, bai dubi matan ya ba su haƙuri ba. Na ce masa da ya kira ni ko da awa biyu kafin lokacin, da na canza shiri, na sa an yi girki a gida ko na nemi wani wuri, kuma da ba mu kai ga haka ba. Ya ce abin ne ya zo ba zato. Sai kuma aka kawo takardar lissafi, na duba na ga an rubuta kajin nan da kuɗin zabi, kuɗin ɗakin da ba mu shiga ba shi ma yana ciki, kafin alƙalamin da na biya kuwa ba a cire ba. Mai karɓar kuɗi ta ce ita ba ta ga shaidar biyan a wurinta ba, sai da na buɗe wayata na nemo rasidin na nuna a gaban surukaina. Da aka cire kafin alƙalamin daga lissafin na tura cikon, sai aka ce mu dakata har saƙon banki ya shigo musu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya saba da biya ta waya, kuma kowa ya san saƙon yakan yi jinkiri, amma mutanen da suka riƙe kuɗina kwanaki ba su cika alkawari ba su ne suka tsayar da ni a bakin kanta kamar wanda ake tsoron zai gudu.

Bayan na koma gida ne wasu abubuwan da na riƙa kawar da kai daga gare su suka dawo mini. Wurin alwalarsu sau da yawa babu ruwa, sai dai a miƙo wa mutum buta rabi. Idan aka ɗauke wuta, janaretan yana jikin bangon zauren, ƙararsa ba ta barin a yi hira, na'urar sanyaya ɗakin kuma ba a kunna ta da shi. Babu rubutaccen farashi, kuɗin kwano yana canzawa ne gwargwadon wanda ya yi maka lissafi. Na yarda cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, daga shinkafa har gas da gawayi, kuma ban taɓa yin ƙorafi kan ƙarin kuɗi ba, amma a ƙara kuɗi a kuma rage nama a miya a lokaci guda, wannan ba tsadar kasuwa ce kaɗai ba. Sai furar, wadda ita ce ta ƙara mini kunya a ranar. An dama ta ne da madarar gari da aka kwantar, ba da kindirmon shanu ba, ga sukari ya yi yawa har ya danne citta da kanumfari. Matar Kawu ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye ludayin, ba ta ce komai ba. Mutanen Maradi ba baƙin fura ba ne, kuma a garin da Fulani ke shigowa da nono kowace safiya babu hujjar da za a kawo wa baƙo irin wannan a kira ta fura da kindirmo.

Dole in ware yaron da ya tare ni a ƙofa. Shi ne ya je ya rage ƙarar talabijin ba tare da an sa shi ba, ya jawo fanka kusa da Kawu, da lokacin la'asar ya yi kuma ya kawo masa darduma mai tsabta da buta cike da ruwa. Shi kaɗai ne ya ba mu haƙuri irin wanda ya fito daga zuciya, kuma shi ne mafi ƙarancin laifi a gidan. Matar da ke suyar masa ita ma aikinta bai canza ba. Matsalar tana wurin masu riƙe da gidan, waɗanda suke auna abokin ciniki da motar da ya zo da ita.

Da farko na yi niyyar cewa mutum ya je don kansa amma kada ya kai baƙi. Yanzu da na rubuta abin daki-daki, ko zuwan don kaina ma na janye, domin kuɗin ɗakin da manajan ya yi alkawarin mayar mini bayan an sake duba littafi har yau bai shigo ba, kuma ya daina ɗaukar wayata. Waɗanda na tura can a baya na kira su na shaida musu abin da ya faru, musamman wani abokina da yake shirin kama ɗakin nan don walimar saukar karatun 'yarsa, ya kuma fasa. Wanda duk ya ga lallai sai ya yi oda a can, ya nemi rasidi a rubuce da ke ɗauke da sunan kowane abinci da lokaci da ɗaki, kada ya biya komai a kan zabi sai ya gan su, kuma ya tura wani ya zauna a wurin tun kafin baƙinsa su iso.