Openfire da Active Directory a cikin manhajar kamfani: inda suka yi mana rana da inda suka gaza

Kamfanin da nake kula wa da harkar kwamfutoci na rarraba kayan masarufi ne, hedikwata a Kano, da rassa a wasu jihohi. Muna da manhaja ta cikin gida da ake buɗewa a burauza. A nan ake shigar da oda, a duba abin da ya rage a sito, a fitar da rasit. Maganar da ke tsakanin mai karɓar oda da mai sito kuwa duk a WhatsApp ake yin ta, a wayoyin mutane na kashin kansu. Idan ma'aikaci ya bar aiki, sai ya tafi da hirarraki da lambobin kwastomomi a aljihunsa, wani lokaci ma yana nan zaune a cikin guruf bayan an sallame shi, domin ba wanda ya tuna ya cire shi. Buƙatar shugabanni biyu ce: a sa akwatin hira a cikin manhajar, kuma kada a ƙara wa kowa wata kalmar sirri. Wadda mutum yake shiga kwamfutar ofis da ita, ita ce za ta buɗe masa hirar.

Openfire na zaɓa. Saba ce, wato manhajar da ke zaune a babbar kwamfuta tana yi wa sauran hidima, ta aika saƙonni nan take, an rubuta ta da Java, kyauta ce ƙarƙashin lasisin Apache. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Jive Software ne ya fara ta da sunan Jive Messenger, ta koma Wildfire, a 2007 ta zama Openfire, yanzu kuma jama'ar Ignite Realtime ne ke riƙe da ita. Harshen da take magana da shi XMPP ne, wanda Jeremie Miller ya faro a 1999 da sunan Jabber. Abin da ya ja ni gare ta shi ne haɗa ta da kundin ma'aikata (namu Active Directory ne na Microsoft, inda ake ajiye asusun shiga kwamfuta na kowa) ta hanyar LDAP, harshen da ake tambayar irin wannan kundi da shi, yana cikin jikinta tun daga shafin girkawa. Na duba Mattermost, wata manhajar hira ta wurin aiki, fuskarta ta fi kyau nesa ba kusa ba, amma a lokacin haɗa ta da Active Directory yana cikin tsarin da ake biyan kuɗi a kan kowane ma'aikaci, da dala. Duk wanda ya ga yadda dala ta yi tun daga 2023 ya san yadda akanta zai kalle ka idan ka kawo masa wannan.

Girkawa ba ta da wani labari. Ka sa Java, ka sa kunshin a kan Ubuntu, ka buɗe ƙofa (port) ta 9090 a burauza, shafin ya bi da kai mataki mataki. Abu ɗaya kawai: za ta ba ka zaɓin rumbun bayanai na cikin gida, HSQLDB. Don gwaji ya yi, amma idan aiki za a yi da gaske a haɗa ta da PostgreSQL ko MySQL tun farko, domin ƙaura daga baya ciwon kai ne.

Wurin da ya cancanci a tsaya shi ne shafin LDAP. Ana tambayarka adireshin sabar kundin, da reshen da za a fara nema daga gare shi, irin OU=Maaikata,DC=kamfani,DC=local, da asusun da Openfire za ta riƙa karatu da shi. Sannan ka faɗa mata wane gurbi ne sunan shiga: a Active Directory sAMAccountName ne, a OpenLDAP, wani kundin irinsa, kuma uid. Kowane mataki yana da maɓallin gwaji da ke zaro maka wasu mutane daga kundin ka gani da idonka. Wannan maɓallin kaɗai ya isa a yaba wa waɗanda suka tsara ta, domin kuskuren LDAP a mafi yawan manhajoji shiru yake yi, sai dai ka ga ba wanda ya iya shiga.

Da na danna gwajin, abin da ya fito ya nuna mini halin da kundinmu yake ciki. Ga ma'aikata na gaske, ga asusun na'urar sikanin takardu, ga na manhajar ajiyar bayanai, ga mutanen da suka bar aiki tun tuni, ga kuma kwamfutoci su kansu. Dalilin na ƙarshen shi ne a Active Directory kwamfuta ma tana ɗauke da objectClass na user, wato alamar da ake yi wa asusun mutum, don haka idan da shi kaɗai ka tace, sai kwamfutocin tebur da laftof su shigo jerin abokan hira. Dole ka haɗa da objectCategory=person. Waɗanda aka dakatar da asusunsu kuma akwai wata doguwar lamba da ake cire su da ita, a rubuta userAccountControl:1.2.840.113556.1.4.803:=2 a sa alamar korewa (!) a gabanta. Ba wanda ke haddace wannan, kowa kwafa yake yi. Amma ko da matatar ta yi daidai, ba ta iya gyara abin da ba a rubuta ba. Wanda ya bar aiki ba a dakatar da asusunsa ba, Openfire za ta ɗauke shi ma'aikaci. Don haka mafi yawan lokacin da aikin ya ci ba a kan Openfire ya tafi ba, a ofishin kula da ma'aikata ya tafi, muna bin suna ɗaya bayan ɗaya da takardar albashi a hannu. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Bayan an share kundin sai daɗin abin ya fito. Openfire karatu kawai take yi, ba ta rubuta komai a kundin, kuma ba ta ajiye kalmar sirrin kowa. Idan mutum ya zo shiga, sai ta miƙa abin da ya rubuta ga Active Directory, in an karɓa ta buɗe masa. Saboda haka ne ya zama wajibi a bi ta ƙofa ta 636 mai rufin asiri, ko a kunna StartTLS mai rufe haɗin, domin in ba haka ba ta ƙofar 389 tsirara kalmar ke wucewa a kan layi. Sannan akwai raba rukuni: ka ɗauki rukunin Sito da ke cikin kundin, ka ce a nuna shi ga rukunin Talla, shi ke nan, kowane mai talla zai buɗe hira ya tarar da masu sito a jere ba tare da ya nemi kowa ba. Sabon ma'aikaci kuwa, da an buɗe masa asusu an sa shi a rukuninsa, ya bayyana wa kowa.

Wani ƙaramin abu da ya yi mana amfani fiye da yadda na zata shi ne katin bayanin mutum. Ana iya jawo displayName da title da department da lambar waya daga kundin su cika katin. A wurin aiki irin namu, inda masu suna Muhammad da Abubakar da A'isha suka yi yawa, wannan ba ado ba ne. Mun koma muna rubuta reshe a cikin sunan da ke bayyana, domin kada a aika wa mai sito na wani gari odar da ba tasa ba.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai amfani ya sani tun wuri. Na farko, Openfire tana riƙe bayanan mutane da rukunai a ma'ajiyar wucin gadi don kada ta dami kundin da tambaya, saboda haka canjin da ka yi a Active Directory ba lallai ya bayyana nan take ba, sai ka shiga shafin gudanarwa ka share ma'ajiyar. Na biyu ya fi muhimmanci. A lokacin shiga ne kawai ake tantance mutum. Idan aka dakatar da asusunsa alhali yana ciki, zamansa ba ya yankewa da kansa. Maganinsa yana cikin REST API, wata ƙarin manhaja da ake ɗora wa Openfire, wadda ke da umarnin rufe duk zaman mutum guda. Mun sa wannan a cikin matakan sallama: a dakatar da asusu, a rufe zama, a lokaci ɗaya.

Sai ɓangaren burauza, kuma a nan ne aka sha aiki. Openfire saba ce, ba ta zo da akwatin da za ka liƙa a shafinka ba. Na yi amfani da Converse.js, akwatin hira na burauza wanda JC Brand ya fara, ana sa shi a shafi ya zauna a kusurwar ƙasa. Hanyoyi biyu ne burauza ke kaiwa ga sabar. Akwai BOSH, tsohuwar dabara da ke riƙe buƙatar HTTP a buɗe har saƙo ya zo, akwai kuma WebSocket, haɗi mai ɗorewa tsakanin burauza da saba, wanda aka tsara yadda XMPP zai bi ta kansa a 2014. Openfire tana ba da duka biyun a ƙofofi 7070 da 7443. Mun ɓoye su a bayan nginx, sabar yanar gizo da ke tsayawa a gaba tana miƙa musu buƙatu, don komai ya bi ta ƙofar 443. Wanda zai yi haka ya lura: nginx yana yanke haɗin da ya yi shiru na daƙiƙa 60 idan ba a ƙara proxy_read_timeout ba, sai ka ga mutane suna fita suna dawowa ba dalili.

Babbar matsalar ita ce shiga sau ɗaya. Mutum ya riga ya shiga manhajar oda, bai kamata akwatin hira ya sake tambayarsa kalmar sirri ba. Converse yana da wata hanya inda sabar manhajarka ke buɗe zaman BOSH a madadin mutum, ta miƙa wa burauza lambobi uku, jid da sid da rid, ya ci gaba daga nan. Tana aiki, amma a kan BOSH kaɗai, kuma idan zaman ya mutu saboda sabis ya ɗauke, ana buƙatar kalmar sirri don buɗe sabo, ita kuwa ba a hannunmu take ba, kuma bai kamata ta kasance ba. A reshen da intanet ke zuwa yana tafiya, wannan ba zai yiwu ba. Abin da ya fisshe mu shi ne HybridAuthProvider na Openfire, wanda ke ba da damar tantancewa ta hanya fiye da ɗaya. Ta farko LDAP, ta biyu wani tebur a rumbun bayanai inda manhajarmu ke ajiye lambar wucin gadi mai gajeren rai. Converse ya tambayi manhajar, ta ba shi lambar, ya shiga da ita ta WebSocket. Yana tafiya lafiya lau yanzu, sai dai ba a shafin gudanarwa ake danna shi ba, da hannu ake rubuta saitunan, kuma bayanin da ke akwai a kansa a warwatse yake. Kamfanin da ba shi da mai rubuta manhaja a gida, a nan zai tsaya.

Kan raunin sabis, abubuwa biyu ne suka riƙe mu. XEP-0198, wata ƙarin ƙa'ida ta XMPP, yana sa saba da burauza su riƙa ƙirga saƙonnin da suka isa, idan haɗi ya yanke na ɗan lokaci a ɗora daga inda aka tsaya. Ƙarin manhajar Monitoring kuma tana ajiye tarihin hira, wanda aka ɗauke wa wuta ya dawo ya tarar da abin da aka faɗa a bayansa. Ba a kunne take zuwa ba, sai ka sa ta da kanka. Kuma tunda ana ajiye hira, mun sanar da ma'aikata a rubuce, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta tsaya a kan bayanan kwastoma kaɗai ba.

Abin da ya sa mutane suka karɓi tsarin ma ba hirar ba ce. Mun buɗe wa manhajar oda asusu nata, da zarar an tabbatar da oda sai ta jefa saƙo a ɗakin hira na reshen da abin ya shafa, da lambar oda da adadin katan. Masu sito suka daina jiran kira.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. A watan Mayun 2023 an bayyana wata ɓaraka a shafin gudanarwa na Openfire, mai lamba CVE-2023-32315, wadda ke bai wa baƙo damar tsallake shiga, ya buɗe wa kansa asusun mai gudanarwa, ya ɗora muguwar manhaja. An toshe ta a 4.6.8 da 4.7.5, amma an yi wa sabobi da yawa a duniya kutse ta nan, waɗanda suka bar ƙofofin 9090 da 9091 a buɗe ga intanet. Namu daga cikin ofis kawai ake isa gare su. Ka tuna kuma sabar tana riƙe da asusun da ke karanta kundin ma'aikata gaba ɗaya, don haka a ba ta asusu marar iko, kada a yi gangancin ba ta na babban mai gudanarwa don a huta.

Inda ta gaza a wurinmu waya ce. A Android manhajar Conversations tana aiki da kyau, har saƙon murya tana ɗauka idan an sa ƙarin manhajar ɗora fayil a saba. A iPhone sai an yi hidimar sanarwar turawa (push notification) kafin saƙo ya riƙa tada waya. Mutanenmu kuwa da murya suka saba, direba ba zai tsaya rubutu a kan hanya ba, kuma abokan hulɗarsa na waje duk suna WhatsApp. Spark, manhajar kwamfutar tebur ta jama'ar Ignite Realtime, tana aiki amma kamanninta na wani zamani ne, matasan ofis ko kallonta ba su yi ba.

Idan kamfaninku ya riga ya koma Microsoft 365 kuma kuna biyan Teams, ban ga dalilin wannan wahalar ba. Idan kuwa kuna da Active Directory ko OpenLDAP a cikin gida, da manhajarku ta kanku, da mutum ɗaya da zai iya zama da nginx da ɗan rubutun manhaja, Openfire ta cancanci a gwada ta, kuma ƙaramar saba ta ishe ta ga ma'aikata irin yawan namu. Ma'aikatan ofis da na sito duk sun koma kanta. Direbobi har yanzu suna gurufinsu na WhatsApp, kuma ban matsa musu ba tukuna.